Gonar da Ke Cikin Kwamfuta: Yadda Aka Gina Manhajar APSIM

Hutun da ya wuce ina gida, Baba ya yi mini wata tambaya da har yau ba ta bar raina ba. Muna zaune a zaure bayan Isha'i ana ta maganar tsadar taki, sai ya juyo ya ce, "Kai ɗan boko, tun yaushe kake karatun gona. Bana in sayar da tunkiya in ƙara buhun taki a gonar masara, ko in bar ta?"

Na gyara zama, don a ganina amsar tana aljihuna. Na ce masa a gwajin da muka yi a gonar makaranta daminar bara, fegin da ya fi samun taki shi ya fi ba da masara, saboda haka ya sayar kawai. Ya ce, "Damina nawa kuka gwada?" Na ce ɗaya. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ni na ga damina ta fi arba'in, ban taɓa ganin biyu sun zo iri ɗaya ba. In na zuba takin ruwa ya ɗauke, kai za ka maido mini da tunkiyata?"

Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Da na dawo makaranta na ba malamin da ke duba furojet ɗina labari, sai ya ce ai tambayar Baba ita ce ta sa waɗansu masana a Ostareliya suka kwashe shekaru suna gina wata manhaja mai suna APSIM. Sunan gajartawa ce ta Turanci, ma'anarsa mai kwaikwayon tsarin noma. Na bi diddiginta, na ga labarin ya shafi 'yan sashen gona, ya shafi 'yan kimiyyar kwamfuta da 'yan ƙididdiga da injiniyoyi, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi wannan mujalla tamu.

Matsalar damina ɗaya

Gwajin gona shi ne ƙashin bayan binciken noma, amma yana da tsada kuma yana cin lokaci. In kana so ka gwada yawan taki kashi 4, da lokacin shuka kashi 3, da iri 3, ka riga ka sami haɗi 36. Ka maimaita kowanne sau 3 kamar yadda aka koya mana, fegi 108 ke nan. Duk wannan a wuri ɗaya ne, a ƙasa iri ɗaya, cikin damina ɗaya. Kafin ka ga shekarar fari da shekarar ambaliya da shekarar da ruwa ya yi jinkiri, sai ka yi shekara 20 ko 30 kana abu ɗaya. Wace hukuma ce za ta biya kuɗin? Wane manomi ne zai jira?

Dabarar da masana suka fito da ita ita ce: tunda an san dokokin da shuka ke bi wajen girma, a rubuta su da lissafi, a ba kwamfuta, sannan a ba ta bayanan yanayi na shekarun da suka wuce. Sai ta "noma" gonar a cikinta, shekara bayan shekara, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan shi ake kira kwaikwayo. Ba duba ba ne, ba ta ce maka ga abin da zai faru bana. Cewa take yi, da a ce ka yi kaza a daminoni 30 da suka wuce, da ka ci riba sau kaza, ka faɗi sau kaza.

Yadda take lissafi

Manhajar tana tafiya ne kwana-kwana. Kowace rana tana buƙatar abu 4 na yanayi: ruwan da aka yi, zafi mafi yawa, zafi mafi ƙaranci, da ƙarfin hasken rana. Da waɗannan take amsa tambayoyi uku.

Ta farko, shukar ta kai wane mataki? Shuka ba kalanda take bi ba, zafi take tarawa. Masara kusan ba ta motsi in zafi bai wuce digiri 8 ba. To a ce yau da rana an kai digiri 32, da dare an sauka 22. Tsaka-tsakinsu 27, a cire 8, saura 19. Masarar ta tara maki 19 ke nan yau. Kowane iri yana da adadin makin da yake buƙata kafin ya yi fure, da wanda yake buƙata kafin ya nuna. Shi ya sa masarar rani da aka shuka cikin sanyin hunturu take daɗewa fiye da ta damina, alhali iri ɗaya ne.

Ta biyu, nawa za ta ƙaru yau? Ana lissafa yawan hasken da ganye ya tare, a juya shi zuwa nauyin sabon jiki, a raba tsakanin saiwa, kara, ganye da ƙwaya gwargwadon matakin da shukar take.

Ta uku, akwai ruwa da abincin da za su ɗauki nauyin wannan girma? A nan ƙasa ta shigo. Manhajar tana kallon ƙasa hawa-hawa, kamar bokitai ne aka ɗora wani kan wani. Ruwan sama ya sauka, wani ya gudu ta sama, wani rana ta shanye, saura ya shiga bokitin farko. In ya cika sai ya zuba a na ƙasa da shi. Kowane bokiti yana da iyaka ta sama, wato ruwan da ƙasa za ta riƙe bayan ta tsane, da iyaka ta ƙasa, inda saiwa ba ta iya tsotso komai. Jigawa bokitinta ƙarami ne, laka nata babba. Ku tuna milimita 1 na ruwan sama a hekta guda lita 10,000 ne, don haka bambancin milimita 20 tsakanin ƙasa da ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Haka ake bin sawun sinadarin naitirojin: wanda aka zuba, wanda ruɓaɓɓen kara ya saki, wanda shuka ta sha, da wanda ruwa ya wanke ya yi ƙasa da shi.

In ruwa ko abinci ya gaza, sai a rage girman da aka lissafa. In gazawar ta faɗo daidai lokacin fure, ƙwayar da za a samu ta ragu sosai, kamar yadda kowane manomi ya sani. Gobe kuma a sake daga inda aka tsaya, har girbi.

Waɗanda suka share fage

Ba 'yan Ostareliya suka fara wannan tunani ba. A garin Wageningen na ƙasar Holan, Farfesa C. T. de Wit ya wallafa wani aiki a 1965 inda ya lissafa yadda ganyen shuka ke juya haske zuwa abinci, kuma daga makarantarsa manhajoji da dama suka fito. Mutanensa sun zo har Mali a ƙarshen shekarun 1970, suka yi aiki da masanan ƙasar a kan makiyaya. Abin da suka gano ya ba mutane mamaki: a yawancin yankin Sahel, in ka cire can arewa inda ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, talaucin ƙasa, wato rashin naitirojin da fosfaras, shi ya fi tauye tsiro fiye da ƙarancin ruwa.

A Amurka kuma Joe Ritchie da abokan aikinsa sun gina manhajojin CERES na alkama da masara, littafin ta masara ya fito a 1986. Wani shiri da Jami'ar Hawai ta jagoranta tun daga 1982 ya tattara irin waɗannan manhajoji wuri guda ya sa musu suna DSSAT, wadda aka fitar a 1989, kuma har yau ana aiki da ita a duniya, har da nan Najeriya.

Waɗannan manhajoji na farko sun ƙware wajen faɗin abin da amfani ɗaya zai bayar a damina ɗaya. Shukar ce tauraruwa, ƙasa kuwa wurin tsayawarta ce kawai. An girbe, labari ya ƙare.

Waɗansu masanan Ostareliya, cikinsu akwai Bob McCown da Brian Keating, sun ga iyakar wannan da idonsu a Kenya. Daga tsakiyar shekarun 1980 sun yi aiki da masanan Kenya a tashar bincike ta Katumani da ke yankin Machakos, inda ƙananan manoma ke noman masara da ruwan da ba shi da tabbas. Sun ɗauki manhajar CERES ta masara suka gyara ta don ta dace da wurin. Ta taimaka, amma tambayoyin manoman sun wuce damina ɗaya. Me zai faru da ƙasar in an yi shekara goma ana cire kara ana ba dabbobi? In an haɗa masara da wake fa? In an zuba takin gargajiya bana, har yaushe zai yi amfani?

A gida ma irin matsalar suka tarar. Yankin noman hatsi na jihar Kwinsland yana da baƙar laka mai tsagewa in ta bushe, mai riƙe ruwa da yawa. Ruwan samansu kuwa ba a rantsuwa da shi, musamman a shekarun da yanayin nan na El Nino ya zo da fari. Manomi kan bar gona ta huta watanni don ta tara danshi, sannan ya yanke shawara ko ya shuka alkama da sanyi, ko ya jira ya shuka dawa da zafi. Ga shi kuma bayan shekaru ana noma, ƙarfin ƙasar ya fara raguwa. Abin da ka yi bara shi ke yanke hukuncin bana.

Ƙasa ce mai gida

A farkon shekarun 1990, hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, da gwamnatin jihar Kwinsland suka haɗa ma'aikatansu a rukuni ɗaya mai suna APSRU a garin Tuwumba. Kowane ɓangare ya zo da kayansa. Akwai manhajar PERFECT mai lissafin zaizayar ƙasa, akwai AUSIM wadda ta gaji tsarin CERES. Maimakon kowa ya ci gaba da faci a tasa, sai suka zauna suka sake tsari daga tushe. Takardar da ta gabatar da APSIM ga duniya ta fito a 1996, wata da ta yi cikakken bayaninta ta biyo baya a 2003.

Shawara biyu suka yanke, kuma a ganina su ne sirrin daɗewar manhajar.

Ta farko, suka mai da ƙasa tsakiyar komai. Ku ɗauki ɗakin hostal. Ɗalibai suna zuwa suna tafiya, ɗakin yana nan. Wanda ya shigo bana zai tarar da shi yadda na bara ya bar shi, ko da fanka mai aiki ko da karyayyen gado. Haka gona take a APSIM. Ƙasa ce ke nan kullum, lissafin ruwanta da abincinta ba ya tsayawa ko da babu komai a kanta. Dawa ta zo ta tafi ta bar ƙasa a bushe, ta bar kara. Wake ya zo ya tarar da abin da dawa ta bari, shi ma ya bar nasa. Da wannan sauyi kaɗai aka sami damar kwaikwayon juya amfanin gona, hutar da gona, barin kara ko kwashe shi, da yadda ƙasa ke gajiya cikin shekaru.

Ta biyu, suka ƙi gina ta a dunƙule. Suka yi ta gunduwa-gunduwa. Gunduwar ruwan ƙasa daban, ta naitirojin daban, ta karan da ke saman ƙasa daban, ta fosfaras daban, kowane amfani kuma da tasa: alkama, dawa, masara, gero, gyaɗa, wake, auduga, rake, ciyawar kiwo da sauransu. A tsakiya akwai inji wanda aikinsa kai saƙo ne kawai. Gunduwar masara ba ta san yadda ake lissafin ruwa ba, tambaya take yi, "Ruwa nawa ne a hawa na biyu?" Inji ya kai tambaya ya kawo amsa. Kamar abin jona caji mai baki da yawa ne, ka cire wannan waya ka jona waccan, ba ruwan sauran.

'Yan kimiyyar kwamfuta sun san amfanin wannan. Masanin ƙasa zai iya inganta gunduwarsa ba tare da ya taɓa ta masanin dawa ba. In akwai hanya biyu ta lissafin ruwa, sai a jona kowacce a gwada a ga wadda ta fi, kuma APSIM tana da biyun: ta bokitai da na bayyana, da wata mai zurfin lissafi ana kiranta SWIM. Wanda ke son ƙara sabon amfani ba sai ya sake rubuta ƙasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to sun gina jinkar ne yadda kowa zai sami wurin kamawa.

Akwai gunduwa ɗaya da ta fi burge ni, ita ce mai wakiltar manomi. A cikinta kake rubuta dokokinka da kanka. Misali: in an shiga watan Yuni, aka sami ruwa milimita 20 cikin kwana 3, a shuka. In ƙasa da danshi bayan kwana 21, a zuba taki, in babu a jira. Ka ga ke nan ranar shuka ba ɗaya ba ce kowace shekara, tana bin ruwa, yadda Baba yake yi. Abin da ake gwadawa shi ne dabarar manomi, a ga yadda za ta kaya a daminoni masu kyau da marasa kyau.

Sun kuma ɗauki aikin rubuta manhaja da muhimmanci irin na injiniya. Duk wani gyara ana ajiye tarihinsa, kuma kafin a karɓe shi sai an sake gudanar da tarin gwaje-gwajen gona na gaske a ga bai ɓata abin da yake daidai da can ba. An faro da harshen Fortran, aka shigo da C++, sabon zubin da ake kira na zamani mai zuwa kuwa da C# aka rubuta shi, yana aiki a Windows da Linux da Mac. A 2007 aka kafa wata haɗaka ta musamman don kula da manhajar, wadda ta ƙunshi CSIRO, gwamnatin Kwinsland da Jami'ar Kwinsland, daga baya waɗansu cibiyoyi na Niyu Zilan da Amurka suka shigo. Lambobinta suna buɗe a GitHub, kuma mai bincike ko ɗalibi yana saukar da ita kyauta bayan ya yi rajista.

Manomi bai yarda da allo ba

Gina manhaja daban, samun manomi ya kula ta daban. Manoman Ostareliya ma da farko kallon wasan yara suka yi mata. A shekarun 1990 masu binciken suka fara wani shiri mai suna FARMSCAPE, suka bar ofis suka shiga gonaki. Abin da suka fara yi shi ne haƙa ƙasar manomi a gabansa, a auna ruwan da ke ciki da naitirojin har can ƙasa inda saiwa ke kaiwa. Manoma da yawa ba su taɓa sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu da lamba ba. Sannan a sa manhajar ta kwaikwayi noman da mutum ya riga ya yi ya san sakamakonsa. In ta faɗi abin da ya yi kusa da abin da ya auna a rumbu, sai ka ga ya jawo kujera. Daga nan tambayoyi ke ɓarkewa: to da na ƙara taki fa? Da na jira sati biyu fa? Gani ya kori ji.

Daga baya, a farkon shekarun 2000, wata ƙungiyar manoma ta garin Birchip a jihar Biktoriya ta haɗa kai da CSIRO suka fito da Yield Prophet, wadda APSIM ce ke aiki a bayanta. Manomi ko mai ba shi shawara ya shigar da awon ƙasarsa da ruwan da aka yi zuwa yau ta intanet, a nuna masa yiwuwar samun amfani kaza in ya ƙara taki, da in bai ƙara ba. Abu ɗaya ya sauƙaƙa musu: Ostareliya tana da bayanan ruwan sama na kullum na fiye da shekara 100 a wurare da yawa, an tattara su a rumbu ɗaya da kowa zai iya ɗauka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Tuwumba zuwa Sadore

Manhajar ta zo ƙasashenmu tuni. Cibiyar ICRISAT, mai bincike a kan amfanin gonar wurare masu ƙarancin ruwa, tana da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai, tana kuma da ofis a Kano. A wani bincike da aka wallafa a 2010, an gwada gunduwar gero ta APSIM da sakamakon gwaje-gwajen gona na Nijar, sannan aka gudanar da ita a kan yanayin fiye da shekara 20 don a ga wane adadin naitirojin ya fi dacewa da ƙaramin manomi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kilo 30 a hekta. Kwaikwayon ya nuna cewa ga wanda abincin gidansa yake nomawa, kilo 15 ya fi kwanciyar hankali, domin a munanan shekaru shi ne ya fi kare mutum daga tashi da kaɗan.

Mu sauke shi zuwa buhu. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kilo 30 na naitirojin ya kai yuriya kilo 65, buhu da ɗoriya. Kilo 15 kuwa wajen kilo 33 ne, buhu bai ƙare ba. Kada wani ya ɗauki wannan ya kai gonar gidansu, na geron Nijar ne a jigawar can. Abin lura shi ne irin amsar. Wanda yake kallon matsakaicin amfani zai ce a zuba da yawa. Wanda yake tunanin shekarar da ruwa zai yaudare shi, kamar Baba da tunkiyarsa, lissafinsa daban ne, kuma gwajin damina ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba.

A nan gida, masu bincike na ICRISAT da IITA da Cibiyar Binciken Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero sun yi amfani da APSIM da DSSAT a kan dawa da masara, don gano lokacin shuka da irin da ya dace da kowane yanki. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuma tana aiki da wata manhajar ta daban, SARRA-H, wajen bin yadda damina ke tafiya a ƙasashen Sahel.

Abin da ba ta gani

Kada a ce na zo tallar kaya. Manhajar ta fi ƙwarewa a ruwa, zafi, haske da naitirojin. In ba ka gaya mata ba, ba ta san ƙuduji ya cinye gonar dawa ba, ba ta san tsutsa ta shiga masara ba, ba ta san jan baki ya sauka a gero ba. Ba ta san an sami ruwan shuka amma mai gona yana jinya ba, ko kuɗin taki bai zo ba sai da lokaci ya wuce, ko takin da aka saya gauraye ne. Shi ya sa sau da yawa abin da take faɗa yakan fi abin da manomi ke samu. Wannan giɓin shi ma ilimi ne, yana nuna maka inda asara take.

Sannan ba ta san irinmu ba sai an koya mata. Dawarmu ta gargajiya irin su kaura da farfara, da maiwa, tsawon yini suke bi wajen fid da kai. Ko ka shuka da wuri ko ka makara, sai wajen ƙarshen damina za su yi fure. In ka ɗauki lambobin dawar Ostareliya ka ce su ne na kaura, amsar banza za ka samu, kuma za ta fito da kyakkyawan zane mai launi har ka ɗauka gaskiya ce. Dole wani ya je gona ya rubuta ranar tsiro, ranar fure, ranar nuna, ya ƙirga ganye, ya auna nauyin kara da ƙwaya, a lokutan shuka daban-daban. Da wannan ake saita manhaja. Sai kuma a gwada ta da wasu bayanan da ba a yi saitin da su ba, a ga ko ta ci jarrabawa. Manhaja ba ta kashe gwajin gona ba, da shi take rayuwa.

Ina muka tsaya?

A nan ne abin ya dawo kanmu. Kowace shekara ɗalibai nawa ne ke yin furojet a kan taki da masara, ko tazarar shuka, ko irin wake? Mu yi, a ɗaure da baƙin bango, a ba da maki, a jera a kabad, ƙura ta rufe. Na je na buɗe waɗansu na shekarun baya don in ga ko zan iya sa su a manhajar. Yawanci akwai nauyin amfani, amma babu ranar fure, babu awon ƙasa, babu ruwan da aka yi kullum. Nawa ma na bara haka yake, ban fi kowa ba. Wahalar an sha ta, rana ta dake mu, amma don ba a rubuta abu huɗu ko biyar ba, aikin ba zai amfani na bayanmu ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aunin ruwan sama guda a gonar makaranta, da wanda zai duba shi kowace safiya ya rubuta, har ranar da ba a yi ruwa ba ya sa sifili. Fom guda da duk mai gwajin gona zai cike: iri, ranar shuka, yawan shuka, ranar zuba taki da adadinsa, ranar fure, ranar girbi. Awon ƙasar gonar hawa-hawa, wanda 'yan ɗakin gwaje-gwaje za su iya yi a matsayin nasu furojet ɗin. Sai rumbu ɗaya a kwamfuta inda za a riƙa zuba komai, aikin da ɗan kimiyyar kwamfuta zai yi ya sami makinsa. Zafi da hasken rana kuwa ana iya saukar da su kyauta daga shafin NASA POWER, ko da yake a kan ruwan sama ma'aunin da ke gonarka ya fi na tauraron ɗan'adam gaskiya. Waɗancan bayanan shekara 100 na Ostareliya ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne a ƙauyuka da gidajen gona suka riƙa fita da safe suna duba gwangwani suna rubutawa.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki wannan magana ta kai wa shugabannin sassa, ko da za a fara da sashe biyu ne. Ku kuma 'yan ajin farko da za ku zaɓi furojet baɗi, ku sauke manhajar tun yanzu ku yi wasa da misalan da ke cikinta. Ku canza ranar shuka, ku rage taki, ku ga abin da zai faru. Za ta ba ku ciwon kai a satin farko, ni ma ta ba ni.

Baba dai bai sayar da tunkiyar ba. Rabin buhu ya saya da kuɗin gyaɗa, ya ce zai riƙe shi sai ya ga yadda yabanya ta kama, in ƙasa da danshi ya zuba, in babu ya ajiye. Da na koma ɗaki na rubuta wannan dokar tasa a gunduwar manomi, layi uku ta ci. Abin da ya rage mini shi ne ruwan saman garinmu na shekarun baya, wanda zan gwada ta da shi. Kafin in tafi na kafa ma'auni a bayan gida, na ba ƙanena littafi da biro, na ce kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci ya duba ya rubuta.